Usman Biyu a Gungun Marke

Ranar da Modibbo Illo ya ce ya halatta a ɗauko matattu daga Gungun Marke, Tamada tana bayan zana tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Ba wanda ya ba ta labari, da kunnenta ta ji.

Daminar da aka toshe Kwara a Kainji ce. Gwamnati ta riga ta kwashe mutanen gungun, tsibirin nan da kakanninsu suka zauna a tsakiyar kogi, ta zube su a wani tudu kusa da Wara, cikin gidajen siminti masu rufi kamar bayan kunkuru. Masu rai kaɗai aka kwashe. Matattu suna can inda aka bar su, ruwa kuwa kowace safiya sai ya ƙara cin ƙasa. Shi ya sa Mainasara, wan mijin Tamada kuma babban gidan, ya aika aka ɗauko masa Modibbo daga Wara, aka shimfiɗa masa buzu a rumfar ƙofar gida.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Mainasara, "tsohonmu na can ƙarƙashin marke. Ruwa ya ci fadama, ya ci lambunan albasa, saura kaɗan shi kai maƙabarta. Mi addini yac ce?"

Modibbo ya yi gyaran murya. "Asali dai kabari na mai shi na, ba a taɓa shi muddin da sauran ƙashi ciki. Amma malamanmu sun yi rangwame in da dalili, kuma cikin dalilan da sunka ambata har da a ji tsoron ruwa shi cinye mamaci. To ga shi kun gani da idonku. Ya halatta ku ɗauko shi, da sharaɗi. Kada a keta mai mutunci, kada a karya mai ƙashi, don karya ƙashin mamaci awa karya na mai rai na. Ku tai da sabon likkafani, ku yi aiki a hankali, abin da kunka gani kuma ku riƙe shi cikin cikinku." Sannan ya ce, "Ban da tsohon, akwai wani naku can?"

"Na kusa dai shi ɗai na," in ji Mainasara.

Hannun Tamada ya tsaya cik cikin faifai. Ta kasa kunne ta ji ko Zaidu mijinta zai yi magana, don tana hango ƙafafunsa ta ƙasan zana. Ƙafafun suka motsa, ya tanƙwashe su, ya ce amin tare da kowa.

Shi ɗai na! Wallahi ƙarya ce, kuma duk wanda ke rumfar nan ban da Modibbo ya san ƙarya ce. Usman biyu ne ke kwance ƙarƙashin marken nan. Akwai Malam Usman, tsohon gidan. Akwai kuma jikansa da aka raɗa wa sunansa, yaron da ƙyanda ta ɗauke yana gab da fara famfara, aka binne shi jikin kakansa, tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba. Tamada ce ta haifi yaron nan, kuma tun daga kansa ba ta sake samun mai rai ba.

To me ya hana ta ɗaga zana ta ce akwai ɗanta? Wanda ya tashi a ƙasar nan ba zai yi wannan tambaya ba. Ɗan fari ne, uwa kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Sunan kuma na surukinta ne, wanda bakin matar ɗa ba ya ɗauka ko da wasa. Kulle biyu ke nan a baki ɗaya. Tun da aka yaye shi Inna Dudu, uwar mijinta, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Gida duka Baba Ƙarami suke kiransa, Tamada kuwa sai dai ta ce "yaron nan". A ɗakin Inna ya yi jinya, a can ya cika, tana tsakar gida tana daka tana jin numfashinsa. Ranar nan ko hawaye ba ta yi a fili ba, aka yi ta yaba mata, wai 'yar mutunci, mai alkunya. Abu ɗaya ta yi. Da ta ji masu haƙa suna neman tukunyar da za a fasa a jera bisa ramin kafin a tura ƙasa, ta ɗauko tulun aurenta, wanda uwarta ta gina mata a Shanga da zanen ƙayar kifi a wuyansa, ta ajiye a bakin ƙofa ta koma ciki.

Da Modibbo ya tafi, ta kai wa Zaidu ruwa a ɗaki.

"Malam, yaron nan hwa?"

"Wane yaro?"

"Na wurin Inna."

Zaidu ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon cikin ƙwarya. Shi ma ɗansa na fari ne, shi ma sunan ubansa ne. Sai ga mutum biyu a ɗaki suna zancen ɗan cikinsu kamar masu zancen kayan sata.

"Maganar ba hannuna take ba, Tamada. Sai abin da Yaya yac ce."

"Kai ka haife shi."

"Shi kau Yaya shi na babba. In ƙaryata shi gaban Modibbo? Ki bari in samu lokacin da ransa ke da sanyi."

Zaidu ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in aka ce su zaɓa tsakanin gaskiya da fushin wansu, sai su tuna ba su ba akuya dusa ba. Ya ajiye ƙwarya ya fita.

Kashegari ta sami Inna Dudu tana kaɗi a inuwar ɗaki. Ta durƙusa, ta gaishe ta, ta sake gaishe ta, sannan ta ce, idonta a ƙasa, "Inna, na ji za a ɗauko Baba. Nic ce ko a haɗa da na wurinki."

Mazari ya tsaya a hannun tsohuwar. "La'ilaha illallahu! Yau ni Dudu na ga abin da ya ishe ni. Ke Tamada, da bakinki? Ɗan fari? Ina alkunyar da anka san ki da ita? Ni da na goya shi, na tauna mai, ya cika bisa cinyata, ban ce uffan ba, sai ke? Tashi ki ba ni wuri, kada maƙwabta su ji su ce gidan siminti ya lalata muna tarbiyya."

Saura Mainasara, kuma zuwa gabansa ya fi duka wuya, don matar ƙane ba ta tsayawa magana da wan miji. Shi kuwa a kwanakin nan kansa ya yi zafi. An haɗa mutanen gungu uku a tudu ɗaya, ana maganar wanda za a naɗa mai unguwa, ga sabuwar maƙabarta an share ba a sa kowa ba. Duk gidan da ya fara kwantar da tsohonsa a can, ya zama shi ne tushen gari. Wannan lissafi Mainasara ya yi shi tsaf, kuma ƙashin yaro ba ya ƙara masa komai a ciki.

Tamada ta tare shi yana alwala, ta durƙusa can nesa, ta kau da fuska. "Yaya, don Allah don Annabi, in an tai... yaron nan na kusa da Baba."

Bai ko dube ta ba. Ya shafa kai, ya shafa kunne, ya ce, "In mun tai mu gani."

Wayyo, mai neman abu da ɗan kaɗan yake rayuwa. Wannan "mu gani" Tamada ta ɗauke shi alkawari. Ta buɗe adudunta ta ciro wani farin alawayyo da ta daɗe tana ɓoyo, ta wanke, ta shanya a bayan ɗaki inda Inna ba ta leƙawa, ta ninke. Safiyar tafiya ta cusa shi cikin jakar Zaidu, ta ce masa a hankali, "Ba shi da girma. Wanga ya ishe shi." Zaidu ya gyaɗa kai, ya rataya jaka.

Wunin ranar a mashaya ta yi shi, da sunan wanki. Ta wanke zane ɗaya har ya fara kodewa. Bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas, iska ta fara kaɗa ruwa, sai ga jirgin da suka tafi da shi ya ɓullo yana tafiya da ƙyar, ya nutse har kusa da baki saboda nauyi. Mata suka ja baya kamar yadda aka saba. Aka sauko da makara ɗaya, lulluɓe da sabon likkafani, maza suka ɗauka suna salati. Tamada ta ci gaba da kallon jirgin, tana jiran a miƙo ɗan ƙunshi. Abin da aka ciccibo maimakonsa shi ne ƙyauren tsohon zaurensu, katafaren ƙyaure na itacen maɗaci wanda Malam Usman ya sa aka sassaƙa, wanda Mainasara ya daɗe yana cewa ba zai bar wa kifi ba. Aka aza shi bisa kan mutum biyu. Na gaba Zaidu ne. A kansa, ƙarƙashin ƙyauren, akwai gammo fari fat.

Ta gane alawayyonta tun daga nesa.

"Ke!" Mainasara ya ɗaga mata murya yana wucewa. "Kwashe muna tarkacen cikin jirgi ki kai gida."

Ta shiga ruwa har gwiwa, ta fara kwasa: dagi, fartanya biyu, igiya, ƙwaryar fura. A can ƙasan jirgi, inda ruwa ke taruwa, ta ga abin da suka yi kwarfa da shi. Ɓarin tulu ne mai faɗin tafi biyu, da jar ƙasa manne a bayansa. Ta goge da babban yatsa, zanen ƙayar kifi ya fito.

Ba ta yi ihu ba. Ta soke shi cikin zanenta, ta ɗauki kaya a ka, ta hau tudu.

Sai da aka dawo daga sabuwar maƙabarta, ana ta yi wa Mainasara barka da cika haƙƙin iyaye, ta samu ta tare Zaidu a bayan rumbu. Ta ciro ɓarin tulun ta ɗora masa a tafi.

"Wanga bisa kainai yake. Ya anka yi yaz zo cikin jirgi?"

Zaidu ya waiga hagu da dama. "Dagi na ya kuskure. Ƙasar da ke tsakaninsu ta jiƙe, sai ta rufta. Jirgi kau na shan ruwa, ba mu da abin kwarfa, wani ya sa hannu ya zaro."

"Kun gan shi?"

"Ban duba ba."

"Kun ruhe shi?"

Zaidu ya kau da kai. "Na tura ƙasa da ƙafa. Hadari ya taso, Tamada. Yaya yac ce jirgi ya cika."

Jirgi ya cika! Ƙashin yaron da bai yi famfara ba, wanda mace za ta rungume a cinya ta ɗora ƙwarya a kai, shi ne jirgi ya cika wa. Ƙyauren da ƙarti biyu ke nishi a ƙarƙashinsa ya sami wuri. Kuma ba barinsa kawai suka yi ba, buɗe shi suka yi suka bari, ga ruwa na zuwa, ga kuraye da karnukan da aka gudu aka bari a gungu.

"Ku koma gobe," in ji ta.

"Bari a huta gajiya. In sha Allahu."

Goben ta zo, Mainasara ya tafi Yelwa gaisuwa wurin manya kan maganar unguwa. Da ya dawo, aka ce jirgin aro ne, mai shi ya tafi su. Da mai jirgi ya dawo, aka ce gero na neman maimai, ba a barin gona a tafi tonon rami. Akwai wata bishiyar gawo a bakin mashaya, a busasshiyar ƙasa take ranar da aka kawo ƙyaure. Tamada ta mai da ita ma'auni. Ta ga ruwa ya taɓa saiwarta, ta ga ya rufe inda ake ɗaure awaki, ta ga ya kai inda reshe ya rabu. Kowace safiya in ta dawo da tulu a ka, sai ta ture abinci gefe.

Ta sake durƙusa wa Mainasara. Wannan karon ya dube ta, kuma da muryar wa'azi ya yi magana.

"Ke ba ki ji abin da Modibbo yac ce ba? Kabari na mai shi na, ba a taɓa shi. Mu ma lalura ta sa munka yi, muna istigfari. So kike mu mai da tonon kabari sana'a?"

"Yaya, ruwan da za ya ci Baba shi za ya ci yaron nan."

"Iye! Yau mace ka ja min fatawa cikin gidana? Zaidu! Zo ka ji matarka ta zama Modibbo."

Zaidu ya zo ya janye ta, ya kawo nasa dalilin a ɗaki, da murya mai laushi, wadda ta fi tsawar wansa ciwo. "Ki yi haƙuri. Yaro ba shi da zunubi, ɗan Aljanna na. Ruwa ba ya kai inda yake. Mutanen gungu nawa sunka bar nasu? Ba mu ɗai ba na."

"Su ba su buɗe nasu ba," in ji ta. "Ba su yi kwarfa da marfinai ba."

Sai ya tuna bai ba akuya dusa ba, ya fita.

Tamada 'yar tudu ce, ba ta taɓa riƙe filafili ba, da tuni ta saci jirgi. Ta bi masunta a mashaya ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Kowa ya tausaya, kowa ya ce ba ya ɗaukar matar mutum zuwa maƙabarta ba da yawun mijinta ba. Ɗaya ma ya tambaye ta wane ne mamacin, ta buɗe baki ta ce "yaron nan", ta kasa ƙarawa, ya ɗauka ba ta cikin hayyacinta. Shi ya kai magana gida.

Daga ranar aka hana ta zuwa mashaya. Inna Dudu ta ce iskar ruwa ce ta shafe ta, ta sa aka yi mata turaren tazargade, aka rufe ta a ɗaki da hayaƙi har ta yi ta tari. Ta rame, idanunta suka zurma, zane ya daina zama mata a ƙugu. In an tambayi Inna lafiyar surukarta, sai ta ce, "Sauyin wuri na. Ɗakunan ga na siminti zafi gare su." Da rana Tamada tana daka, kunnenta na wajen masu dawowa daga ruwa. Ta ji an ce ruwa ya shiga kasuwar gungu. Ta ji an ce masallaci ya zube. Maƙabarta tana ɗan tudu bayan masallaci, wannan ta sani, ko da yake ƙafarta ba ta taɓa takawa can ba.

Sai ga ranar da Mainasara ya shirya sadaka don tsohonsa. An naɗa shi mai unguwa a makon, saboda haka taron ya zama biyu. Aka yi waina da gumba, maza suka cika rumfa har waje, aka sake ɗauko Modibbo Illo daga Wara. Tamada tana bayan zanan nan dai, an sa ta zuba waina a akushi. Ta ji Modibbo yana yabon 'ya'yan da ba su bar nasu ga ruwa ba. Ta ji ya ɗaga murya ya ce, "A yi salati goma ga Annabi, Allah shi kai ladan ga Usman."

Ta ajiye akushi. Ta ɗaga zana.

Ta fito cikin rumfa. Mace ba mayafi, ƙafa ba takalmi, a tsakiyar maza. Mainasara ya zabura, Zaidu ya sunkuyar da kai, daga cikin gida aka ji salatin Inna Dudu. Tamada ta wuce har gaban buzun Modibbo, ta durƙusa, ta ajiye ɓarin tulu a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, wane Usman?"

"Ɗiyata, mi ke tahe da ke?"

"Ranar da kat tambaya ko akwai wani, anka ce maka babu. Akwai." Ta ji harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba, shekara da shekaru yana kauce wa kalma ɗaya. "Usman. Sunanai Usman. Ni na haife shi. Yana jikin kakanai, sun buɗe shi, sun bar shi buɗe, sun ɗauko ƙyaure."

"Ba ta da lafiya, Malam," in ji Mainasara da sauri. "Iska ta."

Modibbo bai dube shi ba. Ya ɗauki ɓarin tulun ya juya, ya ga jar ƙasar, ya dubi Zaidu. "Kai ne mijin? Gaskiya ta faɗi?"

Zaidu ya buɗe baki, ya dubi wansa, ya dubi matarsa. "Gaskiya ta, Malam."

Modibbo ya miƙe, bai ko shafa fatiha ba. "A nemo jirgi yanzu. Halaccin da na ba ku ba na manya ɗai ba na. Wanda kunka buɗe kau, suturta shi ya zama wajibi bisa wuyanku tun ranar."

Da aka isa mashaya Tamada ta riga kowa shiga jirgin, ta zauna a gaba. Ba wanda ya iya ce mata sauka. Bishiyar gawon nan da take aunawa da ita, rassanta kaɗai suka rage a sama. Aka tura jirgi: ita, da Modibbo, da Zaidu riƙe da gora, da Mainasara da sabon rawaninsa, da masu tuƙi biyu.

Kogin da ta sani ya tafi. Ruwa ne shimfiɗe iyakar gani, jajaye-jajaye, yana ɗauke da jinkunan ɗaki da karan dawa da mushen tumaki. Tamada tana ta duban inda gungu ya kamata ya ɓullo, tana cewa a ranta, tudu ne, maƙabarta tudu ce, Allah ka sa tudu ne. Masu tuƙi suka rage hannu. Ɗayansu ya nuna da haɓa.

Kan marke ne, ganye kore a kwance bisa ruwa, da balbelu a kai.

Suka zagaya shi. Zaidu ya tsaya ta gabas da itacen, inda ya tuna, ya zura gora. Ta shige duka, har hannunsa ya nutse zuwa gwiwar hannu, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya matsa ya sake zurawa. Ya sake. Sai ya zauna a bakin jirgi ya rufe fuska da hannun rigarsa.

"Ko an yi nutso?" in ji ɗaya daga masu tuƙi.

Modibbo ya girgiza kai. "Lalube cikin laka sai karya ƙashi, in ma yana nan. Yanzu barinai shi na suturarshi. An makara." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

A nan ne Mainasara ya gyara rawani, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta, ya ce, "Allah ya gani, Malam, da ta fito fili ta faɗi tun farko, da ba a kai ga haka ba. Kullum sai yaron nan, yaron nan. Mutum ya san gaibu?"

Ku ji fa. Su suka ɗinke mata baki tun tana amarya, suka yaba mata da ta haɗiye kukan ɗanta, suka kira ta marar kunya da ta yi raɗa, suka kira ta mai iska da ta yi roƙo. Yau kuma laifin nata ne, don ba ta yi magana ba.

Tamada ba ta ko juyo ba. Ta dafa bakin jirgi da hannu biyu, ta sunkuya har numfashinta na taɓa ruwa, ta yi kira irin wanda uwaye ke yi da magariba in tuwo ya sauka, kiran da ta ji matan gungu suna yi shekara da shekaru, ita ba ta taɓa yi ba.

"Usman! Usmanu! Ni ce innarka!"

Balbelu suka tashi. Ta sake kira, ta sake, har muryarta ta dushe. Masu tuƙi suka kau da kai suna share ido. Ba wanda ya hana ta, sai da ta gaji don kanta, sannan aka juya jirgi.

Da suka iso gida, kafin a tambayi abin da aka tarar, Inna Dudu ta tare su a ƙofa da nata baƙin cikin: surukarta ta faɗi sunan tsohon gidan a gaban maza, ta zubar wa gidan mai unguwa da mutunci, da wane ido za ta dubi mata a wurin suna? Abin da aka yi ta maimaitawa a gari ke nan har kaka ta yi. Kaɗan ne suka tambayi me ya fito da ita.

Tamada ba ta sake cewa "yaron nan" ba. In zance ya biyo, sunansa take faɗa gar da gar, ko a gaban wa, Inna ta yi ta salati. Alawayyon ta karɓe daga jakar Zaidu, ta wanke dattin gammo, ta naɗe ɓarin tulun a ciki ta mayar adudu.

Ƙyauren kuwa bai shiga ƙofar gidan gwamnati ba, ya yi mata faɗi. Mainasara ya ce zai gina zauren da ya dace da shi in an samu sarari. Yana nan a kwance bayan ɗakin Inna Dudu, a kansa ake shanya kuɓewa.